Dandali da Farin Wata: Tarihin Wasan Yara a Bakin Iyakar Illela

Gero da wata su ne suka daɗe suna tsara wa yaran ƙasar Illela lokacin wasa. Da damina kowa na gona: mai ƙarfi yana noma, ƙanana na kai abinci ko korar awaki daga shuka, in dare ya yi kuma gajiya ta kwantar da gari tun da wuri. Sai an yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an cika rumbuna, sannan dandali ke farkawa. A Tozai, kamar a Kalmalo da Araba da Gidan Hamma da sauran garuruwan wannan yanki na arewacin jihar Sakkwato, da an idar da sallar isha'i a daren farin wata sai tafin 'yan mata ya tashi daga wannan gefe, ihun 'yan langa daga wancan. Babu mai shela, babu babban da ya tsara.

Dandali fili ne kawai, a tsakiyar gari ko a ƙofar gidan mai gari, ba shi da katanga ba shi da ƙyaure. Amma shekaru aru-aru shi ne wuri guda da yaron ƙauye yake da iko da kansa. A gida umarnin iyaye ake bi, a gona na uba ko na wa, a makarantar allo na malam. A dandali kuwa yara ne ke kafa doka, su ne ke yanke hukunci, su ne kuma ke koyar da na ƙasa da su. Tarihin wasan yara a wannan yanki tarihi ne na yadda wannan iko ya rinƙa zamewa daga hannunsu a hankali.

Sarautar da babu rawanin fada

A da, samarin kowane gari suna da shugabansu, sarkin samari, 'yan mata ma suna da tasu shugabar. Su ke raba faɗa, su ke cin tarar wanda ya yi zagi ko ya ƙi fitowa aikin gayya, su ke karɓar baƙin samari in sun zo daga wani gari. Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, ta yi bayanin irin wannan tsari tun na ƙuruciyarta a ƙarshen ƙarni na 19: yara da muƙamansu, da kiɗansu, da wasannin kwaikwayon aure. Abin da ta faɗa game da ƙauyukan da ta tashi bai bambanta ƙwarai da na ƙasar Gobir da Adar ba.

Wasannin kansu kowanne da abin da yake ginawa a jikin yaro. A langa, yaro zai kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya rinƙa tsalle da ɗayar, yana ture abokin karawa da kafaɗa ko da hannun da ya rage masa. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Kowane ɓangare yana da wanda ake kira ruwa, shi ne ake so ya ratsa abokan hamayya ya kai wurin da aka shata, sauran kuwa aikinsu su kare shi. Mai ƙarfin da ya tafi neman suna shi kaɗai ya bar ruwansa a fili, shi ne zai jawo a sha su. Yaro ɗan shekara 8 da ya sha zagi sau biyu a kan haka ba ya bukatar a yi masa lacca game da aikin haɗin gwiwa.

'Yan mata kuma gaɗa ce tasu. Sukan yi da'ira suna tafi suna waƙa, ɗaya ta fito tsakiya ta taka, sannan ta juya ta saki jikinta ta baya, sauran su cafe ta su cilla ta sama. Wadda ba ta yarda da ƙawayenta ba ba za ta iya sakin jiki ba, wadda kuma ta taɓa sakin wata ta faɗi za ta daɗe ana yi mata gori. Waƙoƙin gaɗa sun ƙunshi zancen aure, da kishiya, da uwar miji, da irin mijin da ake so da wanda ake gudu, abubuwan da kunya ba ta barin uwa ta zauna ta faɗa wa 'yarta, musamman 'yar fari.

Da rana akwai carafke, inda yarinya ke cilla tsakuwa sama ta kwashe na ƙasa kafin ta cafe ta, da ɗaya-ɗaya, da biyu-biyu, har zuwa sama. Lissafi ke nan da saurin ido da hannu a lokaci guda. Akwai dara mai gurabe 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ana neman jera uku a ci na abokin karawa. Wasan manya ne a gindin itace, amma yara a gefensu suke tsugunawa su koya, sannan su je su tona nasu guraben a rairayi. Akwai kuma kayan wasan da babu wanda ke sayen su: shanun laka, motar kara da ake haɗawa da totuwar karan dawa da ɓawonsa, 'yar tsana da ake yi wa kitso da lalle da gara, tuwon ƙasa a cikin sakaina, da dokin kara da yara ke yi wa linzami da tsumma su yi hawan salla, har da mai busa da mai kirari.

In sanyin hunturu ya hana fita, sai a koma ɗakin tsohuwa a sha tatsuniya da kacici-kacici. Ita ma tana da dokarta: ba a yin ta da rana, wai mai yi zai ɓace a kasuwa. Tsoratarwar ta yi wa manya amfani, don ta bar rana ga aiki.

Iyakar da ta ratsa gonaki

Mutanen wannan yanki gauraye suke: Gobirawa, Adarawa, Fulani da Buzaye. A ƙarshen ƙarni na 19 Marafa Muhammadu Maiturare, wanda ya kafa Gwadabawa kuma daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, ya zaunar da jama'a da yawa a wannan ɓangare na arewacin Sakkwato. Kowa ya zo da kiɗansa da wasanninsa, yara suka cakuɗa su.

Sai Turawa suka zo da taswira. A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, Ingila da Faransa sun zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato suka ce nan ce iyaka, alhali Ingilishi ba su ma ci Sakkwato ba sai a Maris 1903. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram babu ruwa, suka nemi gyara. Aka sake zama a 1904 da 1906, Birnin Ƙonni ta faɗa hannun Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta kafa alamomin iyaka 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Illela da Ƙonni, da tazararsu ba ta wuce 'yan kilomitoci ba, suka zama ƙasa biyu.

Iyakar ta raba haraji, ta raba kuɗi, ta raba harshen makarantar boko. Ba ta raba dandali ba. Aure ya ci gaba tsakanin ɓangarorin biyu, yara na zuwa yaye wurin kakanni a tsallake, 'yan talla na haɗuwa a kasuwar Illela ranar Lahadi. Waƙar gaɗar da aka ƙirƙira a wani ƙauyen Ƙonni kan iso ƙasar Illela a bakin amarya da 'yan rakiyarta, ba ta tsaya a shingen kwastan ba.

Malamai da marubuta

Tun kafin Turawa, malamai suna da magana a kan dandali. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ɗan wannan yanki ne: an haife shi a Maratta a 1754, a cikin Nijar ta yau, ya tashi a Ɗegel ta ƙasar Gwadabawa. A rubuce-rubucensa ya soki cakuɗuwar maza da mata baligai a wuraren kiɗa da rawa. Amma wasan ƙananan yara bai zama abin yaƙi ba, domin malamai sun san hadisan da suka nuna Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, da cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da ita. Makarantar allo ma ta ware Alhamis da Juma'a don hutu, al'adar da ake dangantawa da Sayyidina Umar.

Wata al'adar kuma a cikin azumi ta samu gindin zama. Daga goma ga watan Ramadan yara kan fita tashe bayan shan ruwa, gida-gida, suna kwaikwayo ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Mai yin Tsoho da Gemu zai manna auduga a haɓa ya dogara sanda, mai Jatau Mai Magani ya ratayo tarkacen saiwoyi, 'yan mata su yi Mairama da Daudu suna nuna yadda ake zaman aure. A tashe ne yaro ke samun damar yi wa malamin da ba ya aiki da iliminsa, ko maigidan da ba ya ciyar da iyali, shaguɓe a tsakar gidansa, a kuma yi dariya a ba shi sadaka.

Rubuta waɗannan abubuwa ya fara ne da zuwan mulkin mallaka, kuma Sakkwato na da babban rabo a ciki. Burdon, Razdan na Sakkwato, ya sa malamai sun rubuta labarai da ajami, ya miƙa wa Frank Edgar, wanda ya ƙara da nasa ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Manufar ita ce Turawan mulki su koyi Hausa, ba a yi don yara ba. Sai a farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, littattafai shida, don 'yan makaranta. Daga nan yaro ya fara haɗuwa da Gizo da Ƙoƙi a kan benci, da rana tsaka, malami na tsaye da alli.

Daga rairayin ƙauye zuwa takobi

Cikin duk wasannin dandali, kokawa ce ta fi yin nisa. Yara kan fara ta tun suna 'yan shekara biyar ko shida, a kan rairayi, manya na kallo suna zuga su. Da kaka samarin wani gari kan ɗauki makaɗansu su tafi wani garin neman abokan karawa, a kwana ana gwabzawa, wanda aka kayar ya koma gida ya jira baɗi. Dambe shi ma haka, ko da yake an fi saninsa da rundawa, kuma waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa ɗan damben nan Shago sun kai sunansa ko'ina a ƙasar Hausa.

A tsallaken iyaka gwamnati ce ta ɗauki abin. A 1975, zamanin shugaban Nijar Seyni Kountché, aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, babban birnin jihar da Ƙonni take ciki, Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Yau jihohi takwas na Nijar kowace kan turo 'yan kokawa 10, su 80 su nemi takobi, ana watsawa kai tsaye a rediyo da talabijin, kuma masu saurare a ɓangaren Najeriya sun san sunan Issaka Issaka na Doso kamar yadda 'yan Nijar suka san shi. Gwamnatin Kountché ta kuma farfaɗo da samariya ta mai da ita ƙungiyar matasa ta hukuma, wato sarautar samarin dandali ta shiga ofis. A Najeriya kuwa langa da kokawa da dambe sun shiga gasar wasanni ta ƙasa, da alƙalin wasa da usur da ma'aunin nauyi.

An samu ɗaukaka, an samu kuɗi. Sai dai dokar da yara ke yi wa gardama su gyara da kansu a kowane dare ta koma rubutacciya a hannun manya.

Abin da masu bincike suka gano

Wannan gardama ta yara a kan doka ita ce ta ɗauki hankalin Jean Piaget, masanin halayyar yara na ƙasar Suwizalan. Ya tsuguna da yaran Janeba suna wasan 'yan duwatsun gilashi, yana tambayarsu wa ya kafa dokokin wasan, ko ana iya canza su. A littafinsa na 1932 ya nuna cewa ƙanana na ɗaukar doka abin da ba a taɓawa, amma in sun kai wajen shekara 10 sukan gane cewa yarjejeniya ce, ana iya sauya ta in kowa ya amince. A ganinsa, a irin wannan mu'amala ta tsara da tsara ne yaro ke koyon adalci. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan langa sun tsayar da wasa suna musu a kan ko ruwa ya taka layi ya ga abin da Piaget ke nufi.

Lev Vygotsky na Rasha, a wata lacca da ya yi a 1933, da dokin kara ya kafa misali. Ya ce ranar da yaro ya hau sanda ya kira ta doki, ya fara raba ma'ana da abin da ido ke gani, kuma wannan ne tushen tunanin da zai bukata wajen karatu da lissafi.

A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan nazari. Enid Schildkrout, wadda ta zauna a unguwannin birnin Kano a shekarun 1970, ta lura cewa yara ne ke haɗa matan kulle da kasuwa, kuma suna da tasu ƙaramar kasuwar: yarinyar da jiya take tuwon ƙasa, yau tana dafa ɗan abinci na gaske a ƙaramar tukunya tana sayar wa yara 'yan uwanta, tana tara ribar a asusu. Babu ranar da za a ce wasa ya ƙare sana'a ta fara.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Jamaika. A 1986 da 1987 aka fara wani bincike a birnin Kingston da yara 129 da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. An rinƙa kai wa wasu daga cikinsu ziyara mako-mako har shekara biyu, ana nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100. Ga jiha irin Sakkwato, inda tsumburewar yara ta yi yawa, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Yadda dare ya ƙwace

Dandali bai mutu rana ɗaya ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makarantu ƙauyuka, ya ɗauke safiya. Makarantun Islamiyya da suka yawaita daga shekarun 1980 suka ɗauki yamma, wasu har da dare, wa'azi kuma ya ƙara tsananta a kan fitar 'yan mata. Bayan jihar Sakkwato ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kiɗan dandali ya ƙara ja baya. Rediyo mai kaset ta zo, sannan gidan kallo da finafinan Indiya da na Kano da ƙwallon Turai, sannan wayar hannu. Ƙwallon ƙafa ta cinye filin langa. Garin iyaka kuma yana da nasa jan hankalin: yaron da zai iya samun kuɗi da dako a kasuwa ko tura kaya zuwa tsallake ba ya daɗewa a wasa, ko da yake rufe iyakar da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, ya nuna wa kowa rashin tabbas ɗin wannan hanyar cin abinci.

Duk waɗannan rage dandali suka yi. Abin da ya rufe shi a ƙauyuka da yawa shi ne tsoro. Hare-haren 'yan bindiga da satar mutane da suka addabi gabashin Sakkwato, suka kuma taɓa ƙasar Illela, sun sa farin wata ya daina zama gayyata. Uwa ba ta barin ɗanta a waje bayan isha'i, samari kuma in sun kwana a fili, sintiri suke yi. Ko a Kano, rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi.

A takarda kuwa, wasa bai taɓa samun gata irin na yanzu ba. Sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ya ce wasa haƙƙi ne, sashe na 12 na yarjejeniyar Afirka ta 1990 ya maimaita. Jihar Sakkwato ta sa hannu kan dokarta ta kare yara a 2021, kuma a 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya. Ɗaliban Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna rubuta kundaye a kan gaɗa da tashe.

Matsalar ita ce waɗannan wasanni ba daga littafi ake ɗaukar su ba, ba ma daga iyaye ba. 'Yar shekara 12 ce ke koya wa 'yar shekara 7, ita kuma in ta kai ta miƙa wa ta bayanta. In gari ya yi shekara biyar ko shida babu dandali, sahu guda na yara ya wuce bai koya ba, kuma ba shi da abin da zai miƙa.

Tun daga 2019 dubban iyalai daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka Nijar neman mafaka, da farko jihar Maraɗi, daga baya har jihar Tawa. A matsugunan da aka buɗe musu, irin su Garin Kaka da Dan Daji Makau, ƙungiyoyin agaji sun kafa rumfuna na musamman don yara su yi wasa, saboda masana sun tabbatar yana taimaka wa yaron da ya ga tashin hankali ya dawo hayyacinsa. Ana buɗe rumfunan da rana, a rufe kafin magariba, kuma akwai ma'aikacin da aka horar aka ɗauka aiki don ya tara yaran ya nuna musu wasan da za su yi.